Rahoton Kwamitin Gina Lambun Makaranta da Rumfar Karatu

Assalamu alaikum. Zuwa ga iyayen yara, malamai da dattawan unguwa.

Wannan bayani ne daga kwamitin da ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗora wa nauyin gyara filin da ke bayan ajujuwan firamarenmu a nan Jos, domin ya zama lambun koyar da kimiyya. Babban aiki ya kammala, mun miƙa mabuɗi ga hedimasta. Abin da ya rage shi ne mu faɗi yadda aka yi, har da inda muka yi kuskure.

Waɗanda suka zo taron farko za su tuna mafarin maganar. Hukumar NYSC ta turo mana wata 'yar bautar ƙasa da ta karanci aikin gona, bayan ta gama sati uku a sansaninsu na Mangu, aka ba ta darasin kimiyya na aji huɗu zuwa shida. Ba ta daɗe ba sai ga ta a ofis riƙe da kwalba. Ta maƙala ƙwayar wake tsakanin gilashin da jiƙaƙƙiyar takarda, saiwa ta ratso fara sol tana neman ƙasa, ɗan tsiro kuma ya miƙe sama. Yaran da suka yi sati suna fama da zanen tsiro a kan allo, a ranar suka gane. Ta roƙi a ba ta fili. Tun da aka kafa shirin bautar ƙasa a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, ana so matasan nan su yi wa al'ummar da suka sauka cikinta wani aikin raya ƙasa, amma kowa ya san alawus ɗinsu ba zai tayar da katanga ba. Ilimi nata, gini namu.

Filin kuwa bola ce ta shekara da shekaru. Matasan unguwa suka yi gayya Asabar biyu da shebur da baro. Mun yi niyyar kwashe komai a tifa, sai wani dattijo a cikinmu, wanda ya daɗe yana noman rani a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari, ya hana. Ƙasar Jos tana da tsami, toka kuma tana rage shi, shi ya sa masu lambu a garin nan suke sayen tokar bola da kuɗinsu. Muka tankaɗe ta da raga, aka fitar da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, aka cakuɗa sauran da takin shanu.

A kan shinge muka yi babban kuskurenmu. Don gudun kashe kuɗi muka kafa itace muka ja waya, muka ce ya isa. Yara suka dasa latas da kabeji, kowane aji da fangalinsa da suna a jikin ɗan allo. Dare ɗaya awakin unguwa suka sami kafa ta ƙasan wayar. Da safe ko ganye ɗaya babu, sai allunan suna a tsaye. Wani yaro ɗan aji huɗu ya tsuguna a bakin fangalinsu yana tattara guntayen saiwa cikin hularsa, ko za a iya mayarwa. Arha ba ta ado, mun gani da idonmu. Muka koma muka yi abin da ya kamata tun farko: layi uku na bulo a kan tushe, bututun ƙarfe a tsaye, ragar waya a sama, da ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Bulon da aka fara kawowa yashi ya fi siminti yawa, yana marmashewa a hannu. Ma'ajinmu ya yi ta sintiri har mai bulon ya canja shi. Wanda ya lura katangar ta yi gwiwa ta wajen arewa, ba laifin birkila ba ne. Diga ta tarar da dutse a wurin, fasa shi kuma ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka kewaye shi. Yanzu a kansa yara suke zama.

Batun ruwa ya ci taro uku. Wasu sun so rijiya, amma dutsen nan ya ba mu amsa. Rijiyar burtsatse kuwa kuɗinta ya fi duk abin da muka tara. Malamar ce ta kawo shawarar tara ruwan sama, ta yi mana lissafi a kan allo kamar mu ne 'yan ajin: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi, lita ɗaya ke nan. Jos tana samun ruwa wajen milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Saboda haka muka sa indararo a jikin kwanon ajujuwa biyu, ya zuba cikin tanki mai lita 2,000 da muka ɗora a kan dakalin siminti, da raga a bakinsa don ganye. Ruwan farko bayan rani ana barinsa ya wanke kwano ya wuce, ba a tara shi.

Sai dai kada a ɗauka matsalar ta ƙare. Tanki ɗaya ba zai raka lambu daga Nuwamba zuwa Maris ba. Da rani fangali biyu kawai za a riƙe, a lulluɓe su da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe, a ƙara da ruwan 'yan garuwa.

Rumfar ba ta ba mu wahala ba. Katako daga kasuwar Katako, aka shafe shi da baƙin mai saboda gara, rufin kwano, benci shida. Mun toshe ɓangaren da iskar hunturu take bugowa, domin sanyin Disamba a gari mai tsayin wajen mita 1,200 ba abin zaunar da yaro a sarari ba ne.

Mun leƙa darasi kafin rubuta wannan rahoto. Yara sun tumɓuke gindin wake suna ƙirga ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, malamar tana nuna musu cewa ƙwayoyin halitta ne a ciki masu ɗebo sinadarin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi daga iska. Abin da kakanninmu suke yi ke nan idan sun haɗa wake da dawa a gona ɗaya. A gefe akwai gorar roba da aka yanke aka manna mata awo, 'yan aji shida suna rubuta yawan ruwan da ya sauka kowace safiya. Karas ɗin farko da aka cire ya fito da ƙafa biyu saboda tsakuwa, ba kamar na kasuwar Farin Gada ba, amma an yi rububinsa.

Kuɗi sun fito daga karo-karon iyaye, gudummawar tsofaffin ɗalibai da wasu 'yan kasuwar unguwa. Shinge da tanki sun cinye fiye da rabi, kuma yin shingen sau biyu asara ce da kwamiti ya ɗauki laifinta. An manna cikakken lissafi da rasitai a ƙofar ofishin hedimasta, ma'aji zai zauna ranar taron wata don amsa tambaya.

Abin da ke damunmu shi ne bautar ƙasa shekara ɗaya ce, malamar za ta tafi. Mun roƙi hedimasta ya haɗa ta da malamai biyu na dindindin tun yanzu, ta kuma bar musu littafin da take rubuta darussanta a ciki. Mun rubuta wa hukuma muna neman a sake turo wanda ya san noma. Ban-ruwa lokacin hutu yana hannun maigadi da gidaje uku na makwabta da suka amsa za su riƙa karɓa-karɓa. Saura filastar katanga ta waje da murfin ramin taki, muna buƙatar buhu huɗu na siminti. Mai niyya ya ga ma'aji.