Kafin ka kai amarya Cape Coast

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, mun ji an ba ka aikin Cape Coast, can bakin teku a kudancin ƙasarmu Gana, kuma kana so ka ɗauki amarya ku tafi tare cikin watan nan. Allah ya sanya albarka. Sai dai akwai labarin wani gida da nake so ka ji tukuna. Addininmu ba ɗaya ba ne da su, amma abin da ya same su ya ishi kowa ishara.

Thomas Birch Freeman ɗan mishan ne na cocin Metodis. An haife shi a Ingila a 1809, ubansa baƙar fata, uwarsa Baturiya, kuma aikin lambu ya sani kafin wa'azi. A watan Janairun 1838 ya sauka garin da za ka, tare da amaryarsa Elizabeth. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ta yi jinyarsa har ya miƙe, sai ita ta kwanta. Ba ta cika wata biyu a ƙasar ba ta rasu. Ya koma Ingila ya auro Lucinda, ita ma ta rasu a 1841.

Shi kuwa ƙafarsa ba ta zama. A 1839 ya zo nan Kumasi ya ga Sarkin Asante Kwaku Dua, a 1842 ya kai Badagry da Abeokuta. Ana ta yabon tafiye-tafiyen nan, matan kuwa layi ɗaya ake ba su a tarihi, wannan na ci mini rai. Gidansa bai zauna ba sai da ya auri Rebecca Morgan, 'yar ƙabilar Fante ta yankin Cape Coast, wadda ta san ruwan ƙasar da mutanenta. Da ita ya samu 'ya'ya, ɗaya ma ya gaje shi a aikin coci. Ya rasu a Akra a 1890.

Na san yanzu akwai asibiti da maganin sauro. Abin da nake gudu shi ne ka fita tun asuba ka bar 'yar mutane a ɗaki, ba ta jin yaren Fante, ba ta da wanda za ta kira in ciwo ya taso. Amana iyayenta suka ba ka.

Ka riga ta tafiya. Ka kama ɗaki kusa da zango, ka gaida liman da mai unguwa, ka samo dattijuwar da za ta riƙa leƙa ta. In ka gama, babarka za ta rako ta da kanta, ta kwana biyu. Ka sayi gidan sauro kafin su iso.

Ƙannenka suna gaishe ka.

Mahaifinka