Godiya ga ma'aikatan gandun Kenai Fjords da ke garin Seward

Zuwa ga ma'aikatan ofishin baƙi na gandun Kenai Fjords, a bakin tashar jiragen ruwa ta Seward, jihar Alaska.

Bayan gaisuwa mai yawa. Na rubuto wannan takarda da Hausa, na kuma sake ta a fili, domin 'yan uwanmu mazauna Amurka da ke tunanin zuwa wajenku su san irin mutanen da za su tarar.

Gaskiyar magana, ba don ni aka shirya tafiyar ba. Maigidana ne da abokan aikinsa suka ɗauki shatar jirgin kamun kifi na kwana biyu, ya ce mu biyo shi mu sha iska: ni, yara biyu, da mahaifiyata Hajiya wadda ta zo mana ziyara daga Katsina. Da asuba suka fice suka bar mu a masauki. Muna leƙawa waje sai ƙarnin kifi da yayyafi. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke, yanzu mil ɗari da ashirin da wani abu muka yi daga Anchorage don mu zo mu yi gadin ɗaki?" Ban da amsa. Haka na sa kowa ya ɗauki rigar sanyinsa muka fito, neman mafaka daga ruwa ne ma ya shigar da mu ofishinku.

Matar da ke kan tebur ba ta miƙo mana takardun talla ta juya baya ba. Sai da ta tambayi shekarun yaran, ta lura da sandar Hajiya, ta tambaya ko gwiwa ce. Sannan ta shimfiɗa taswira ta ɗauki fensir. Ta ce mu fara da Exit, kogin ƙanƙarar da ke kimanin mil 12 daga gari, wanda shi kaɗai ne ɓangaren gandun da mota ke kaiwa, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Ta zana mana gajeriyar hanya shimfiɗaɗɗiya wadda keken guragu ma ke bi. Doguwar kuwa, mai hawa har saman filin ƙanƙara na Harding, sama da mil 8 zuwa da dawowa, ta ja mata layi ta ce ba tamu ba ce a wannan zuwan. Na ji daɗin wannan gaskiyar.

Tun a mota muka fara ganin ƙananan alluna a gefen hanya, kowanne da shekara a jikinsa: 1815, can gaba bayan mun sauka da ƙafa kuma 1917 da 1951. Ɗana ya zaci lambobin kaburbura ne. Ma'aikacinku da ya jagorance mu ya yi dariya, ya ce kowane allo yana nuna inda bakin ƙanƙarar ya tsaya a wannan shekarar. Wato duk dajin da muka ratsa, a da ƙanƙara ce kwance a kansa. Da muka isa allon 2005, shekarar da aka yi aurena, na ɗaga kai na ga tazarar da ke tsakaninsa da ƙanƙarar, duwatsu ne tsirara ba ko ciyawa. Nan jikina ya yi sanyi. Na sha jin batun ɗumamar yanayi a rediyo, na kuma san Shugaba Obama ya zo nan a 2015 saboda wannan magana, amma ban taɓa auna ta da shekarun aurena ba.

Hajiya kuwa tambayoyi ta dinga jerowa ina fassara. Me ya sa ƙanƙarar ta yi shuɗi kamar an zuba mata bula? Ya ce dusar da ke taruwa a sama shekara da shekaru ce nauyinta ke matse ta ƙasa har iskar ciki ta fita, ta zama dunƙule. Irin wannan dunƙulen yana shanye jan haske ya bar shuɗin. Me ya sa ruwan rafin ya yi fari-fari kamar ruwan tsakin gero? Ya durƙusa ya ɗebo a tafin hannu ya ce ta murza. Ta murza da yatsu biyu, ta ji laushi. Ya ce garin dutse ne, ƙanƙarar tana tafiya a hankali tana niƙa duwatsun da ke ƙarƙashinta. Hajiya ta ce, "Ikon Allah, ashe dutsen niƙa ne." Da na fassara masa, ya ce zai riƙa faɗa wa baƙi haka. Ya kuma bayyana mana cewa filin Harding ya kai mil murabba'i kusan 700, koguna irin wannan kusan 40 ne ke gangarowa daga cikinsa. Gargaɗinsa kan beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, cewa mu riƙa surutu kada mu rarrabu kada kuma mu gudu, yarana ba su sha wahalar binsa ba, musamman ɓangaren surutun.

Rana ta biyu ma shawararku muka bi. Na so shiga jirgin yini guda mai kaiwa Aialik, inda ƙanƙara ke ɓallewa tana faɗawa teku, amma matar nan ta ce sai an ratsa buɗaɗɗen teku, kuma igiyarsa na juya cikin mutum. Ta ce da tsohuwa gara na rabin yini a cikin mashigin Resurrection. Kamfani kuwa ta ƙi zaɓa mana, jerinsu kawai ta ba mu. Mun ga karnukan ruwa kwance rigingine suna shawagi, mun ga zakunan teku jibge a kan dutse suna gurnani, wani ƙaton wel, dabbar teku mai siffar kifi, ya fesa ruwa sau biyu ya ɗaga jela ya nutse. Da yamma muka shiga cibiyar halittun teku ta Alaska SeaLife, wadda aka buɗe a 1998, akasari da kuɗin diyyar malalar man jirgin Exxon Valdez ta 1989. A nan 'yata ta manne da gilashi tana kallon wani tsuntsu mai jan baki yana fiffika a ƙarƙashin ruwa kamar a sama yake.

Sauran abin da aka zana mana a taswira mun taɓa kaɗan-kaɗan. Mun bi bakin ruwa har alamar mafarin tsohuwar hanyar Iditarod, wadda ake bi da keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara, mun ji labarin girgizar ƙasa ta 27 ga Maris 1964 da ta cinye bakin garin. Dutsen Marathon, wanda ake tseren hawansa duk 4 ga Yuli, daga ƙasa muka gaishe shi.

Akwai abu ɗaya da ba aikinku ba ne amma kuka yi. Da lokacin azahar ya yi muna wajen Exit, na tambayi inda za mu raɓe mu yi salla. Ba a yi mana kallon mamaki ba, aka nuna mana wani gefe mai rufi, aka kuma nuna mana arewa a taswira don mu daidaita alƙibla. Magariba dai sai bayan ƙarfe 11 na dare, wannan kam Hajiya har yau ba ta yafe wa Alaska ba.

Yaran sun cike ɗan littafin da kuka ba su, sun ɗaga hannu sun yi alƙawarin kula da daji, an maƙala musu bajo. Maigida ya dawo da kifinsa cikin kwalin ƙanƙara da ƙunar iska a fuska, ya zauna yana ba da labarin yadda ya ja shi, ba mai saurare. Yanzu shi ke tambaya ko taswirar nan mai zanen fensir tana nan. Tana nan, cikin jakar Hajiya, ta tafi da ita Katsina.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara muku haƙuri da baƙi.

Taku,
Uwar yara biyun nan masu surutu