A sa wa gidajen da aka kulle haraji, amma a ƙyale kangon talaka

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a.

Ni manomi ne a wani ƙauye gefen Ringim, amma tsadar haya a Kano har gida take iske mu, don da an gama girbi yaranmu can suke tafiya ci-rani. Ƙanena yana garuwa a Kurna, su biyar ne a ɗaki ɗaya, bana kuma mai gidan ya ƙara kuɗi ya ce wanda ba zai iya ba ga hanya nan. Ran da na je duba shi adaidaita ya bi da mu ta Nasarawa GRA, unguwar masu hali, wallahi manyan gidaje ne a garƙame, ciyawa ta cinye bakin get, ba kowa sai maigadi da rediyonsa, mai abin ya ajiye gida kamar buhun masara yana jiran ya yi tsada.

Wasu ƙasashen sun daɗe da maganin wannan. Faransa tun 1999 take karɓar haraji kan gidan da aka bari ba kowa. Birnin Vancouver na Kanada ya fara a 2017 da kashi 1 cikin 100 na darajar gidan, daga baya ya kai kashi 3, duk shekara sai mai gida ya bayyana ko da mutum a ciki, kuɗin kuma a zuba su wajen samar da gidaje masu sauƙi. Na san ɗan garuwa ba zai tare a GRA ba, amma in aka buɗe waɗancan mai hali ya matsa can, na ƙasa da shi ya samu wuri.

Tsorona ɗaya ne, mun san halin masu rasit, ba sa ƙwanƙwasa get ɗin babban mutum. Kar a wayi gari malamin firamare da ya shekara 10 yana ɗora bulo ɗaya-ɗaya a Rijiyar Zaki shi za a liƙa wa takarda, ko gidan gadon marayu da shari'arsa ke kotu. Dan Allah in za a yi dokar wannan haraji a Kano, ta tsaya kan gidan da aka gama, aka yi fenti, aka sa kwaɗo. Sai kuma gonakin gefen birni da dillalai suka yanka fuloti aka zagaye da katanga, ba gini ba gero, su ma a leƙa su.

Naku,
mai karatu daga Ringim, Jihar Jigawa