A nuna mana iyakar bariki kafin mu zuba bulo

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan ana lafiya ya aiki ya jama'a. Don Allah ka bani ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana ci mani rai, maganar filaye da gine-ginen da ake ta yi a gefen barikokin soja a nan Katsina.

Duk wanda ya san Katsina lokacin da aka bamu jiha a 1987 ya san barikin Natsinta da ke kan hanyar Jibiya a daji yake, sai ka wuce gonaki ka gaji kafin ka hango shi. Yau gari ya tafi can, kuma ba son rai ne ya kai mutane ba, tun da ɓarayin daji suka hana mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa barci duk wanda ya samu hali sai ya kwaso iyali ya taho birni, in ya zo kuma abin da yake fara tambayar dillali shi ne ina kusa da sojoji. Ni ban ga laifinshi ba wallahi, wanda ya kwana cikin gero da yaranshi yana jin ƙarar babura dole ya nemi inuwar bindiga.

Wani ƙanin mahaifinmu haka ya yi. Ya saida shanun da suka rage mashi, huɗu ne, ya haɗa da kuɗin gonar matarshi ya sayi fuloti a gefen wani bariki, awon igiya, dillali ya kawo mai gona aka rubuta takarda shaidu suka sa hannu aka ba da la'ada aka yi addu'a. Aka haƙa fandisho, gini ya kai linta, ni da kaina na raka shi muka yi cinikin kwano. Ranar wata Talata da hantsi magini ya kira ni ya ce in zo, ina zuwa na tarar da jan fenti a jikin bulo, lebura sun ajiye kwanon kwaɓa sun koma gindin bedi, siminti buhu uku da aka riga aka kwaɓa yana bushewa a ƙasa. Baba na zaune kan tulin yashi ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ko kallona bai yi ba, abin da ya ce kawai shi ne “ɗana, can an kore mu, nan ma?”

Wata biyu muna yawo. Ofishin filaye suka ce ba awonsu bane, su basu san da wannan shimfiɗa ba. Ɓangaren soja suka ce wurin yana cikin taswirarsu tun kafin a haife ni. Mai gona ya rantse gonar kakanshi ce kuma ko sisi ba a taɓa ba gidansu diyya ba. Dillali kuwa wayarshi a kashe har gobe. Kowa na maganar taswira amma har yau ba wanda ya shimfiɗa mana ita muka gani da idonmu, kuma a wurin babu katanga babu waya babu ko dutsen safiyo ɗaya da zai nuna ma talaka cewa daga nan ka tsaya.

Kar a ce ina zagin soja, ko kusa. Yaran nan suna mutuwa a dajin Rugu don mu kwana gida, kuma suna da gaskiyarsu. Bariki ba gidan haya bane, akwai ma'ajiyar makamai akwai filin koyon harbi, ba zai yiwu wani ya tada bene hawa biyu yana leƙen duk motar da ta fita aiki ba a wannan zamani na infoma. Kuma wanda ya manta ya tuna abin da ya faru a barikin Ikeja a Legas ranar 27 ga Janairun 2002, ma'ajiyar bama-bamai ta kama wuta, mutum sama da 1,000 suka rasu, akasarinsu ba wutar ce ta ci su ba, gudu suka yi cikin firgici suka afka ruwan Oke-Afa, mata da ƙananan yara. Gari ne ya zagaye barikin har ba a bar ma mutane hanyar tsira ba. Mu da muke da zafin Afrilu irin na Katsina ai bai kamata a ce sai an tuna mana ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne filin nan iyayen gida biyu gare shi. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, shi ke bayarwa shi ke karɓewa in buƙatar jama'a ta taso, a biya diyyar gini da amfanin gona. Amma filin da ke hannun gwamnatin tarayya, irin na bariki, ba ya cikin wannan. To cikin shinge na Abuja ne, wajen shinge na jiha ne, shi kuma shingen kanshi a wurare da dama babu shi sai a takarda, takardar kuma tana cikin wata durowa. A wannan tsakanin ne dillalai marasa tsoron Allah ke cin kasuwarsu. Akwai kuma dokar tsara birane ta 1992 da ta ce sai da izini ake gini, gaskiya ne, mu ma talakawa muna da namu laifin, mun fi yarda da takardar mai unguwa saboda ta fi sauƙi da araha. Amma ko ka je neman izinin, in mai ba da izinin bai taɓa zama da kwamandan bariki sun aza taswira kan taswira ba me zai gaya maka?

Roƙona ga mai girma gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa, tunda an kafa KATGIS, hukumar jiha mai kula da bayanan filaye, ana ta maida su cikin kwamfuta, a fara da nan. A zauna da shugabannin rundunar sojan ƙasa ta Birged ta 17 da ke nan Katsina da mutanen sojan sama da ke filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa da hukumar tsara birane, a sa hakimai da dagatai a ciki don su suka san gonar wane ta tsaya ina. A fito da iyaka a kafa duwatsu manya masu fenti da rubutu da Hausa har da ajami, a faɗa a rediyo, a manna kwafi a ƙofar gidan mai unguwa. A ce daga katanga zuwa taku kaza ba gini, sai noma ko itace, daga nan zuwa can gida ƙasa kawai banda bene banda dogon ƙarfen sabis. Kuma a duba burtali da hanyar ruwa, don in aka ja katanga aka toshe inda ruwa ya saba bi, damina na zuwa cikin ɗakunan mutane zai kwana, in aka rufe burtali kuma shanu gonar wani za su bi, rigima ta tashi.

Mutanen Daura ku ma ku ji. Ga bataliya ta 171 ga asibitin sojan sama da marigayi Buhari ya buɗe a 2019, gari na ta buɗewa, ku har yanzu kuna da sarari, a auna tun gero ne a wurin, cire kara ya fi rusa ɗaki sauƙi.

Waɗanda kuma suka riga suka faɗa irin Baba, a tantance su. Wanda ya saya da zuciya ɗaya a bashi wani fulotin a awon gwamnati, dillalin da ya saida abin da ya san ba nashi bane a nemo shi ya amayar. Baba yanzu yana ɗakin zaurena shi da yara biyar, matan suna ciki wurin iyalina, duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya ce in kai shi a mashin ya ga ginin, bulon layin sama har ya fara zubewa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
wani mai karatu daga Ƙofar Guga, Katsina