Godiya ga dattijon da ya zaɓa mini ƙusa

Zuwa ga mai shagon kayan ƙananan jiragen ƙasa na unguwarmu a nan Ohayo, da yaran shagonsa biyu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san ba ku jin Hausa, ɗana ya yi alkawarin zai karanta muku da Turanci. Na rubuta ta da harshena ne domin 'yan'uwana su san irin kirkin da kuka yi mini a kan cinikin da bai kai kuɗin abincin rana ba.

Ga waɗanda ba su san wannan sha'awa ba, a nan Amurka akwai manya masu furfura da ke gina layin dogo ɗan mitsitsi a ɗakin ƙasa na gidajensu. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, tazarar dogon kuma milimita 16.5 ce. Ni kuwa abin da ke raina shi ne tashar Zariya kamar yadda na san ta ina yaro. Layin da ya isa Kano a 1911 ƙuntatacce ne, ƙafa uku da rabi, wato milimita 1,067. In an rage shi sai ya faɗo kusa da milimita 12. Akwai dogon da ake sayarwa a haɗe mai wannan faɗi, amma wanda na samu na ma'aunin TT ne, wanda ya fi HO ƙanƙanta, 'yan katakansa sun yi ƙanana, ido bai gamsu ba. Dole na koma shimfiɗawa da hannu: a manna katakai ɗaya bayan ɗaya, a ɗora ƙarfen dogo, a kafe shi da ƙusa.

A nan na yi ɓarna. Na sayi ƙusoshi ta intanet, na ɗauko manya masu tsawon rabin inci, a tunanina babbar ƙusa ta fi riƙo. Katakai suka yi ta tsagewa kamar karan dawa. Waɗanda suka tsira kuma, da na tura tarago a kai sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, yana tsalle a kan kowace ƙusa. Mako uku ina wannan fama, har maiɗakina ta fara tambaya ko wani abu ke damuna a wurin aiki.

Ranar Asabar ɗin da na shigo shagonku da guntun layin a cikin jaka, niyyata in sayi sabbin tayoyi. Da kun so, da kun sayar mini, don sun fi ƙusa tsada nesa ba kusa ba. Sai kuka karɓi guntun, kuka sa gilashin ƙara girma, kuka ce in leƙa. Na ga kan ƙusar ya yi tozo a gindin dogon, leɓen taya na dukansa. Kuka bayyana mini cewa dogona lamba 70 ne, ma'ana tsayinsa 0.070 na inci, bai cika milimita biyu ba. Da mai lamba 100 ne da ƙila ƙusa mai ƙaton kai ta sha, amma a wannan babu wurin.

Daga nan kuka zube mini girma huɗu na kamfanin Micro Engineering a kan farar takarda, daga babba har zuwa 'yar mitsitsiyar da sai an runtse ido. Raina ya kwanta da 'yar mitsitsiyar saboda ta fi kama da ta gaske. Kuka kalli yatsuna, kuka yi dariya, kuka ce in bari sai hannu ya faɗa, don rabinsu za su lanƙwashe, sauran kuma su ɓace a ƙasa. Kuka miƙo mini ƙanana masu rubu'in inci. Gaskiyarku ce, ko waɗannan ɗin sai da na yi kwana biyu ina tsintarsu da maganaɗisu.

Abin da ban taɓa kawowa a rai ba shi ne tambayar da kuka yi: me ke ƙarƙashin katakan? Na ce katako ne mai tauri. Kuka girgiza kai. Ashe ba ɗan siririn katakon nan ke riƙe ƙusa ba, sai ta ratsa shi ta shiga abin da ke ƙasa. In ya yi tauri ta lanƙwashe, in ya yi laushi da yawa ta saki. Kuka nuna mini Homasote, wani allo na matsattsiyar takarda, wanda ƙusa ke shiga cikin sauƙi amma ya cije ta.

Babban yaronku ya zaunar da ni a bencin bayan shago kusan awa guda. A kama ƙusa da filaya, a karkata ta kaɗan, a tura rabi, a saki, a danna sauran da bakin filayar. Kada ƙusar ciki da ta waje su zo daidai da juna a layi ɗaya, nan ne katako ke tsagewa. Kuma ba kowane katako ake kafawa ba, na huɗu ko na biyar ya isa. A gama dogo ɗaya tukuna, sannan a auna na biyun daga gare shi. Na lalata muku katakai sun fi goma, ba ku sa su a lissafi ba.

Abin auna tazarar dogo na milimita 12 ba ku da shi a shago, kuka yi mini oda, kuka bugo waya da kanku ranar da ya iso.

Yanzu ina da kamar mita biyu na layi, tarago na wucewa sumul. Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa, ya ba ku lafiyar ido da ta hannu. Wata mai zuwa zan fara mararrabar dogo ta farko, don haka ku ajiye mini wuri a bencin nan.

Naku,
Wani Bazazzagi mazaunin Ohayo