Jan hankali ga masu zuwa cefane a Tallinn

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin ɗalibanmu da ke zuwa karatu Tallinn, babban birnin Istoniya, kan cefane.

Nama ne abin lura na farko. Naman alade ya fi kowane yawa a shaguna irin su Rimi, Selver, Prisma da Maxima, kuma sunansa a kan leda "sealiha". Na shanu "veiseliha", na kaza "kanaliha". Niƙaƙƙen naman da aka rubuta wa "kodune hakkliha" gaurayen shanu da alade ne, ko da launinsa ya yi kama da na shanu zalla. Tsiran leda ma a juya bayansa a karanta. Mai son yankan Musulunci ya nemi ƙananan shagunan halal, ya sayi na mako biyu ya sa a firiza.

Kayan lambu da kifi kuwa, kasuwar Balti Jaama Turg da ke gefen tashar jirgin ƙasa ta fi samun sababbin kaya, musamman daga Yuli zuwa Satumba, sai dai ba a cika neman ragi ba. A wasu manyan shaguna mai saye ne ke auna tumatir da kansa, ya danna lambarsa, ya manna takardar farashi. In ya manta, sai ya bar layi ya koma sikeli.

Kada a zubar da robar ruwa ko gwangwanin lemo. An caje ka santi 10 na Yuro a kan kowane; in ka saka su a na'urar da ke bakin shago, za ta ba ka takardar da za ka karɓi kuɗinka da ita a shagon. Amma in ka matse robar ko ka ɓare takardarta, ba za ta karɓa ba.

Wassalam.
Mai karatunku daga Tallinn