Na ƙi sa hannu a yi mata aiki, yanzu iyayenta sun ba ni ƙanwarta

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri a kan wannan fili. Don Allah a sakaya sunana. Ni tela ne a Funtuwa, shekaruna 44, kuma maganar da zan faɗa maka ban taɓa faɗa wa kowa ba, har limamin unguwarmu.

Maiɗakina ta rasu cikin azumin 2024, bayan mun yi shekara 18 tare. Ta bar mini 'ya'ya huɗu, babbar mace ce mai shekara 16. Sankarar mama ce ajalinta.

Da daminar 2022 ta fara jin wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino a mamanta na hagu. Lokacin tana shayar da autanmu, sai muka ɗauka nono ne ya daskare. Ba ya ciwo, shi ya sa ba mu damu ba. Da aka yaye yaro abin bai baje ba, sai muka tafi asibitin koyarwa na Shika, a Zariya. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito likitar ta zaunar da mu, ta ce daji ne, amma yana mataki na 2, bai bazu ba. Ta ce za a yi allurar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, a cire maman, kuma da yawa waɗanda aka kama nasu a wannan mataki suna nan da ransu suna harkokinsu. Ta miƙo takarda mu je mu yi shawara.

A mota na tambaye ta me ta gani. Ta ce, "Duk abin da ka yanke, Baban yara." Haka take, Allah ya jiƙanta.

Da na kai wa mahaifiyata maganar, sai ta ce ba a taɓa daji da ƙarfe, da an sa wuƙa ko allura ya fusata ke nan. Ta kawo misalin mata biyu da aka yanke suka mutu. Ni ma, in zan faɗi tsakanina da Allah, ba maganar Hajiya ce kaɗai ta hana ni ba. Raina ne bai so a yanke mata ba. Na yi ta tunanin yadda za ta koma, da abin da mutane za su ce. Na naɗe takardar na sa a aljihun keken ɗinkina. Iyayenta kuwa na ce musu likita ya ce a ci gaba da magani a gida.

Wata tara muka yi muna yawon masu magani. Na sha, na shafawa, na turare, babu wanda ba mu yi ba. Wani ya ba mu wani baƙin gari a kwaɓa da man shanu, ya ce in wurin ya fashe to dafin ne ke fita. Ya fashe ɗin kuwa. Sai da ta kai turaren wuta ba ya rufe warin ɗakin, yara suka daina shiga, ita kuma ta riƙa ba ni haƙuri kamar laifinta ne.

Da muka koma asibiti a tsakiyar 2023 an ce ya kai mataki na 4, ya shiga ƙashin baya. Likitar nan ta gane mu. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai duba fayil ta dube ni, sannan ta ci gaba da rubutu. Gara a ce zagina ta yi.

Aka fara kimo duk bayan mako uku, daidai lokacin da aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabi. Na sayar da gonar gadona, na sayar da keken aikin wuya. Mun je Abuja an gasa mata bayan da na'urar gashin daji don zafin ya ragu. Gashin kanta ya zube, ta koma ɗaura kallabi biyu. Ni nake mata ɗinki tun muna amarci, awonta a kaina yake, ban taɓa sa mata tef ba. A shekarar nan sau uku ina rage mata riguna. Kayan sallar da na yanka mata ban kai ga haɗawa ba, suna nan cikin leda a shago.

Ko sau ɗaya ba ta tayar mini da maganar takardar ba. Daren da za ta cika cewa ta yi in yafe mata wahalar da ta ba ni. Ni kuma na kasa buɗe baki in ce ta yafe mini.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma duk mai ta'aziyya abin da ya faɗa mini ke nan. Na yarda da ƙaddara. Amma na san kuma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, ni kuwa da hannuna na kwance shi.

To ga abin da ya sa na rubuto. Watan jiya surukina ya kira ni, ya ce sun ga irin jinyar da na yi wa 'yarsu, ba su da abin saka mini sai su ba ni ƙanwarta mai shekara 22, ta riƙe 'ya'yan 'yar'uwarta. Har ya kawo misalin Sayyidina Usmanu da ya auri Nana Ummu Kulsum bayan rasuwar Nana Ruƙayya. Yana magana yana sa mini albarka, ni kuwa kaina a ƙasa, gumi na keto mini. Na ce a ba ni lokaci. Yarinyar tana da hankali, yaran sun saba da ita, autan ma a bayanta yake barci. Gidan kuma yana bukatar mace, don babbar 'yata ta fara fashin makaranta saboda girki.

Malam, ya halatta in karɓi wannan kyauta alhali an gina ta a kan abin da ba su sani ba? In na faɗa musu gaskiya, sunan mahaifiyata zai fito, zumuncin gida biyu ya lalace, wataƙila su ce a ba su jikokinsu. In na yi shiru, zan riƙa kallon fuskar da ta yi kama da ta marigayiya kullum da wannan abu a cikina. Kuma akwai kaffara ko wani hakki a kaina a shari'a, ko tuba da addu'a sun wadatar?

Akwai kuma wata. Likitar ta tambaye mu ko wata a danginsu ta taɓa yin ciwon, kuma lallai yayar mahaifiyarsu da shi ta rasu. Ta ce wani lokaci yana bin jini, don haka 'yan'uwanta mata su riƙa zuwa ana duba su, 'yarmu ma in ta girma. Wannan saƙon ma ban isar ba, don in na fara ban san inda maganar za ta tsaya ba. Ta yaya zan faɗa wa ƙanwar, kuma da wane baki zan yi wa 'yata bayani?

Surukina ya ce yana jiran amsata kafin ƙarshen wata. Don Allah a taimaka a karanta wasiƙata da wuri.

Naka,
Wani bawan Allah daga Funtuwa, Jihar Katsina